Jitar bes ɗina tana wani zuuu, na rasa gane kanta

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin kayan kiɗa ku taimaka min. Na sayi bes ta hannu a Sabon Gari Kano, kwaikwayon Jazz Bass ta kamfanin Fender ce mai tsirkiya huɗu, sautinta ba laifi wallahi amma da na jona ta a amfilifaya sai ta kama wani zuuu kamar ƙudan zuma sun shiga akwati, in na ɗora hannu kan tsirkiyar sai ƙarar ta ragu, in na ɗauke ta dawo. A ɗaki ina iya haƙuri. To ran Asabar muka je wani biki a Sabuwar Unguwa, inji aka tada, aka jona ni da mikisa, sai ga wani gurnani daban mai kauri ya cika lasifika har mai waƙarmu yana waigowa yana harara ta gaban mutane. Na canza waya, duk ɗaya. Mi ke faruwa ne, ko an sayar min da ruɓaɓɓiya?

Abba Makullai:
Wa alaikumus salam. Ka cire wayar salula daga aljihu tukun, ni tawa in kira zai shigo sai sifika ta fara tit-tit-tit. Kuma ka kashe fanka da ƙwan fitila ka ji.

Baba Mai Rediyo, Daura:
Yaro jitarka lafiyarta lau, ciwo biyu ne ka haɗa wuri guda. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Na farko na jikin jitar ne. Abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiya mai ɗaukar sauti, fikof, maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, to ba motsin tsirkiya kaɗai yake ji ba, duk wutar da ke yawo a ɗakin yana kwasa, caja, inbata, abin rage gudun fanka, komi. Wutarmu a nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, shi ne zuuu ɗin da kake ji. Jazz Bass fikof biyu gare ta kuma an naɗe su akasin juna, saboda haka in ka buɗe maɓallan ƙara biyun nan gaba ɗaya har ƙarshe, ɗaya zai kashe hayaniyar ɗaya. In ka rage guda ka bar guda, sai ta dawo. Haka aka yi ta, har ta Fender ɗin ta asali haka take. Ita Precision, wata bes ɗin ta Fender, tun 1957 aka raba fikof ɗinta gida biyu, shi ya sa ba ta da wannan surutu. Gwada wannan kafin ka kashe ko kwabo.

Batun hannu kuwa albishir ne, tunda ƙara na raguwa in ka taɓa, wayar ƙasa, wato earth, da ta taso daga gadar tsirkiya zuwa bayan maɓalli ba ta tsinke ba. Da ta tsinke, taɓawar ba za ta rage komi ba. Abin da ya rage maka shi ne rufi. Kwance murfin wajen maɓallan, za ka tarar katako ne tsirara. A liƙe cikin ramin da tef na jan ƙarfe, in babu ko foyil ɗin da ake naɗe kaza da shi ya yi, amma dole ya haɗu da wayar ƙasa, in bai haɗu ba ka yi aikin banza, kuma kar ya taɓa bakin jak inda sauti ke bi, in ya taɓa jitar za ta yi gum. Na taɓa yi wa wani yaro haka ya dawo min da gudu wai na kashe mashi jita, ashe foyil ne ya lanƙwaso.

Na biyu na wurin bikin. Ina kyautata zato amfilifayarka na soket guda, mikisa na wani soket can nesa. Wayar ƙasarsu ta zama biyu, sai 'yar wuta ta riƙa bin wayar da ta haɗa su, gurnanin kenan. Ku jona duka a layi guda. In bai bari ba a nemi ɗan akwatin nan DI da ake sawa tsakanin kayan kiɗa da mikisa, yana da maɓallin da ke yanke ƙasa ta ɓangaren sauti kawai.

Sarkin Sauti:
Baba an gaishe ka, amma duk wannan dogon zance ne. Ni karya dogon ƙarfen nan na saman fulogi nake, na ukun, shiru kake ji.

Baba Mai Rediyo, Daura:
Kai kar ka koya wa yara wannan. Wancan ƙarfen shi ke kwashe wuta in amfilifaya ta samu matsala a ciki. Ka karya shi, mutum na riƙe da tsirkiyar ƙarfe, hannu duk zufa, leɓe kusa da makirfo, wuta mai ƙarfin volt 230 ta nan za ta bi. Maɓallin DI daban, fulogin bango daban. Ku ma injin naku a kafa mashi ƙarfe a ƙasa a ɗaura waya, yawanci haka nan ake ajiye shi kan tayoyi a ja waya biyu kawai.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Yanzu na buɗe maɓallan biyu duka, wallahi ƙarar ta faɗi sosai, ashe ni kullum na baya nake ragewa don ina son sauti mai kauri. Na kuma gano cajar kwamfutar ƙanena na ciki, da na zare ta sai sauran ya ragu. Murfin ma na kwance, katako ne zalla kamar yadda ka ce. Saura ƙaras-ƙaras da maɓalli guda ke yi in na murza shi, shi ma foyil ɗin ne zai gyara ko canza shi zan yi?