Wai me ya sa ba maki kaɗai ake bi wajen ba da admishan ba?

Abban_Sadiq: Salam jama'a. Ƙanwata ta ci 271 a JAMB, WAEC ɗinta tas, ta nemi likitanci amma aka jefa ta wani kos daban, ƙawarta kuwa da ta ci 240 ta samu. Don Allah wannan ba zalunci ba ne? In dai jarabawa aka yi ai sai a jero yara daga sama zuwa ƙasa kawai a huta.

MalamBichi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa a jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari ne kawai ake ɗauka da zallar maki, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, sauran 20 na jihohin da aka ce an bari a baya a boko. Sannan akwai Post-UTME, jarabawar da jami'a ke yi da kanta bayan JAMB, da ake haɗawa, nawa ta ci a can? Ƙawar tata 'yar wace jiha ce?

Ummu_Hanan: Ni fa wannan bautar maki ce ba na so wallahi. Tun 2015 aka koma yin JAMB a kwamfuta gaba ɗaya, yaron ƙauye da bai taɓa riƙe mawus ba sai ranar jarabawa, hannu na rawa lokaci na tafiya, a makarantarsu ma babu malamin fiziks, shi za ka gwada da wanda ya shekara yana lesin a Abuja? Kuma makin ma ba wahayi ba ne, a 2025 ba ga shi na'ura ta kwafsa ba, yara kusan dubu 380 na Legas da kudu maso gabas aka ce su sake zama, shugaban JAMB na lokacin Farfesa Oloyede har da hawaye a gaban 'yan jarida.

Ɗan_Gusau: Hajiya maganarki gaskiya ce amma wa ke cin kashi 20 ɗin? Ba yaron ƙauyen ba ne fa. Ɗan babban mutum ne da ya yi makarantar kuɗi, ko hanyar garinsu bai sani ba, ya aika a karɓo masa takardar indijin daga ƙaramar hukuma, shikenan ya shige da sunan talaka. In gyara ake so a duba makarantar da yaro ya gama, ba jihar kakansa ba. Likitanci kuma ni dai a bar shi a maki, rai ne.

Abban_Sadiq: Malam 62 ta ci a Post-UTME, na ƙawar ban tambaya ba. Yanzu ta karɓi kos ɗin ne ko ta sake zama baɗi?