Aika yaro ko sakaci da shi? Abin da muka tattauna a Gusau

Bayan sallar isha'i muka zauna a majalisarmu ta Tudun Wada kan maganar wata uwa da maƙwabta suka zarga da sakaci, don ta aiki ɗanta ɗan shekara 9 niƙa shi kaɗai.

Dattijon cikinmu ya ce: "'Ya'yana, aike tarbiyya ce." Yawancinmu mun yarda. Yaron da ba ya zuwa kasuwa ko Islamiyya da ƙafarsa, yaushe zai san hanya? Har a jihar Utah ta Amurka, a 2018 an gyara doka domin kada a ɗauki barin yaro ya tafi makaranta shi kaɗai a matsayin sakaci.

Amma wata malama da aka kawo mana ra'ayinta ta ja kunne, kuma ina bayanta: a duba shekaru, nisa da lokaci. Tura yarinya talla tasha da daddare, ko yaro kiwo daji a wannan hali na 'yan bindiga, ba koyar da dogaro da kai ba ne. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 maslahar yaro ta sa gaba.

Maƙwabcin da yake zargin sakaci kuwa, ya fara samun iyaye, sannan mai unguwa, kafin hukuma.