Faffaɗan rim a baya: ET nawa zan ɗauka?

Mai Farar Mota: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina so in sa wa motata rim 9.5J (faɗin inci tara da rabi) a baya, na yanzu 8J ne, ET35, inci 17. ET ɗin shi ne tazarar milimita daga tsakiyar faɗin rim zuwa fuskar da ake ɗaure shi a jikin mota. An nuna min biyu, ɗaya ET35 ɗaya ET20. Wanne zan ɗauka?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Da baya take ja ko da gaba?

Mai Farar Mota: Da baya, Alhaji. BMW ce.

Bakanike: To madalla. Lissafin ba wuya. Ƙarin inci ɗaya da rabi milimita 38 ne. In ka tsaya a ET35, 19 zai shige ciki wajen shokozoba, 19 ya fito waje. In ka sauka ET20, 4 kawai zai shiga ciki, amma 34 zai fito wajen fenda. Ɗauko abin awo ka duba gefen da ya fi sarari.

Ɗan Autan Zaure: ET20 mana! Mota sai ta buɗe ƙafa take kyau.

Tsohon Direba: Kai yaro, irin wannan maganar ce ta kai ni ta baro. Na taɓa sayen rim don kawai ya burge ni, mai sayarwa yana ta rantsuwa zai zauna daram. Aka ɗaura, mota a tsaye ba kowa ciki, sai ka ce a hoto. Ranar da na ɗauki mutum uku a baya da kaya a but, ramin farko da na faɗa sai na ji ƙuuu kamar ana yanka kwano. Na tsaya na leƙa, leɓen fenda ya tsaga gefen tayar, ga baƙin garin roba a jikin fenti. Na kai aka lanƙwashe leɓen ciki, fentin ya tsattsage. Ban cika wata shida ba boris ɗin baya ya fara kuka, don nauyi ya koma can waje. Malam, in za ka gwada, kada ka gwada a kan jak. Sauke ta ƙasa, sa mutane su zauna a baya, sannan ka zura yatsa tsakanin taya da fenda.

Ɗan Autan Zaure: Baba, laifin rim ne ko laifin lodi? 😂

Tsohon Direba: Laifin wanda ya saurari irinku ne.

Baban Ummi: Ni in za a yi kuskure, gara a yi shi wajen ET mai yawa. Wanda ya shige ciki ana turo shi da sifesa, wato faifan ƙarfen da ake sawa a bayan rim, wanda ya fito waje ba yadda za ka yi da shi.

Bakanike: Gaskiya ne Alhaji, amma sifesa sai da dogon noti. Kuma ka duba ramukan: 5x120 ne naka, wato ramukan noti biyar a da'irar milimita 120, ramin tsakiya kuma milimita 72.6.

Injiniya: Ba duka ba, Oga. Sababbin sun koma 5x112 da 66.6, irin na Mercedes.

Bakanike: Wa ya ce maka sabuwa ce?

Injiniya: Wa ya ce maka tsohuwa ce?

Hajiya Mai Jif: Ku bar musu. Ba wanda ya yi zancen taya. In gaban 225/45 ne, bayan ya zama 255/40, tsayinsu kusan ɗaya ne, ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, ba zai rikice ba.

Injiniya: Hajiya, 255 a kan 9.5J zai ɗan miƙe, amma yana zama.

Mai Farar Mota: Na gode ƙwarai. Tsohuwa ce dai. To ET35 ɗin ke nan?

Bakanike: Ka auna tukuna.

Ɗan Autan Zaure: In ka fasa ET20 ɗin, turo min hotonsa ta bayan fage.