Zomanyata ta fara cizo, ina mafita?

Sabon shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da zomanya 'yar wata biyar, a keji take a tsakar gida. Da can lafiya lau ake shafa ta, amma yau mako biyu ke nan duk wanda ya zura hannu zai sa mata abinci sai ta kwantar da kunnuwa, ta yi gurnani, ta kawo cizo. Jiya har ta fitar wa yaro jini a yatsa. In tana waje kuwa ba ruwanta da kowa. Cuta ce ko mugun hali? Wani ya ce in riƙa ɗan bugunta a hanci.

Mai zomaye:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura ka buge ta, tsoron hannu za ka ƙara mata, cizon ya ƙaru. Balaga ce ta zo. Yawancin zomaye tsakanin wata huɗu zuwa shida suke balaga, mace kuwa daga nan take ɗaukar keji a matsayin raminta, hannun da ya shigo baƙo ne. Shi ya sa a waje take lafiya.

Ka daina yi mata aiki tana ciki. Buɗe ƙofa, ta fito da ƙafarta, sannan ka share, ka sauya ruwa, ka zuba abinci. In ƙofar kejin ta sama ce, a mayar da ita gefe, domin abin da ya sauko wa zomo daga sama shaho ne a wurinsa. Idanunsa kuma a gefen kai suke, ba ya ganin abin da ke daidai gaban hancinsa. Yaro ya miƙo yatsa mai ƙamshin karas ta nan, ai karas ɗin za ta gatsa. A wanke hannu, a kawo shi ta gefe inda take gani, ya sauka a goshi.

Da asuba ko dab da magariba, lokacin da suka fi walwala, ka zauna a ƙasa kusa da ita minti 10 zuwa 15 ba tare da ka kai mata hannu ba. Miƙa mata dogon ganye, kullum kana rage tsawonsa har ta saba ci a tafin hannu. Ka sa safar hannu mai kauri a makon farko: in ta ciza ka fizge, ta gane cizo na korar mutum, gobe ma za ta ƙara.

Mai duba dabbobi:
Bayanin ya yi, amma a fara duba lafiyarta, don ciwo ma yana sa cizo. Leƙa cikin kunne, in akwai ɓawo mai kauri tana yawan kaɗa kai, ƙwayoyin ƙaiƙayi ne, kada a ɓamɓare, magani ake sawa. Duba haɓa ko tana jiƙe da miyau, alamar matsalar haƙori ke nan. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, na gaba kusan milimita 2 suke ƙaruwa a mako, tauna ce kaɗai ke goge su. Don haka busasshiyar ciyawa da harawa su zama kusan kashi 80 cikin 100 na cimarta, abincin kanti kada ya wuce giram 25 a kowane kilo na nauyinta a rana da zarar ta gama girma. In ta yi awa 12 ba ta ci ba, ba ta yi kashi ba, a kai ta asibitin dabbobi a ranar.

In ka ga tana tsige gashin ƙirjinta tana kwasar ciyawa a baki alhali ba ta haɗu da namiji ba, cikin ƙarya ne, yakan wuce cikin kwana 16 zuwa 18. Wanda ba haihuwa yake nema ba, cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa a wajen wata shida shi ne ke kwantar da wannan zafin, sai dai a yi haƙuri, yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga sauyi. A nemi likitan da ya saba da zomo, kuma ba a hana zomo abinci kafin tiyata kamar yadda ake yi wa kare, shi ba ya amai.

Yatsan yaron kuma a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti biyar. In ya kumbura, ya yi ja ko zafi, a je asibiti, bakin zomo na ɗauke da ƙwayar cutar Pasteurella. A yi tambaya game da allurar tetanus.

Tsohon hannu:
Wasu za su ce a kai ta wa namiji ta huce. Ba ta hucewa, mai ciki da mai jego sun fi tsare keji. Sannan a lura da yadda yara ke ɗaukarta. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, to ɗauka ta kunne ita ce ratayar. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallabe gindi, a manna ta a jiki. In ƙafafun baya na lilo ta yi harbi da ƙarfi, ƙashin bayanta na iya karyewa. Ɗan mintsinin da ba ya huda fata kuwa ba faɗa ba ne, "sauke ni" take cewa, sai a sauke ta.

Sabon shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƙofar kejin ta sama ce kuwa, gobe zan kira kafinta. Kunnen na duba, babu ɓawo.