Wa ya taɓa kai ƙananan yara kallon wasan dandamali?

Maman Auta: Assalamu alaikum iyaye. Za a yi wasan yara, irin wanda mutane ke shiga rigunan 'yan katun suna rawa da waƙa a kan dandamali. Babbar 'yata shekararta 4, Auta kuwa bai cika 2 ba. Waɗanda suka taɓa zuwa da yara kamar waɗannan, don Allah yaya ta kaya? In kwashe su duka ko in bar ƙaramin?

Baban 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam Hajiya. Nawa suna da shekara biyu da rabi na kai su, kuma girman 'yan wasan ne ya fara ba mu matsala. Zomon da suka saba gani a waya bai wuce tafin hannu ba, sai ga shi tsaye ya fi ni tsawo, fuska ba ta motsi, ido ba ya ƙiftawa. Hassan ya ƙanƙame ni yana tsala ihu, Husaini kuwa ko a jikinsa, neman hawa dandamalin ma yake yi. Da za mu sake zuwa, tun a gida na nuna musu bidiyon wasan, na ce mutum ne a ciki kamar Baba, riga kawai ya saka. Hassan bai saki hannuna ba, amma ya kalla har ƙarshe.

Anti Malama: Yallaɓai, abin da Hassan ya yi shi ne abin da nake gani a ajin reno duk lokacin da muka fita da yara. A wannan shekarun yaro bai gama rarrabe wasa da gaskiya ba, a wurinsa wannan ƙaton zomon mai rai ne. Abin da ke min ciwo shi ne iyayen da ke tura yaro yana kuka wai sai ya je an ɗauke su hoto. Don Allah a daina. Ku tsaya daga nesa, in ya ga wasu yaran sun je sun dawo lafiya, da kansa zai matsa.

Sai maganar ƙara, wadda ba a cika kula da ita ba. Masana ji sun ce sautin da ya kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) yana iya lahanta kunne in aka daɗe a cikinsa, kuma kusa da lasifika yakan wuce haka. Yaro ba zai ce miki kunnensa na ciwo ba, sai dai ki ga ya rikice ba dalili. Ku nemi abin rufe kunne na yara, ku kuma guji layin gaba. In ba ki jin maganar wanda ke gefenki sai ya ɗaga murya, to ƙarar ta yi yawa.

Kakar Yara: 'Yata, ki bar Auta a gida. Na raka jikana yana ɗan wata ashirin, ana kashe fitilu ya fashe da kuka, sauran wasan a waje muka yi shi ina jijjiga shi. Yayarsa da aka yi tafiyar dominta ita ma ba ta more ba, hankalin uwarta na kan ƙofa. Ki ba babbar ranarta ita kaɗai.

Maman Gambo: Mama, ki yi haƙuri, ni tawa ta bambanta. 'Yata ba ta kai biyu ba muka je, a cinyata ta zauna tana tafi. Ina ganin lokacin ne ya taimake mu, na safe muka zaɓa, ba wanda ya faɗo a kan barcin rana ba. Kuma mu biyu muka je da ƙanwata, da sharaɗin yaron da ya fara rigima ɗayarmu ta fita da shi, ɗayan yaron ya ci gaba da kallo. Ku karɓi kujerar bakin hanya. Kujerun nan masu naɗewa kuma suna rufewa da yaro mara nauyi, sai kin danne da gwiwa, wasu zauruka suna bayar da matashin ƙara tsawo in an tambaya. Banɗaki kuwa ku kai su kafin a fara, don a hutun rabin lokaci layin ba ya motsi.

Maman Auta: Na gode ƙwarai. Anti Malama, maganar kunnen nan ko kaɗan ba ta zo min ba. Zan ga ko babansu zai samu zuwa.

Uban Ɗa Guda: In ƙara ɗaya. Ɗana yana da galahanga, duhu da hasken da ke walƙiya suna tayar masa da hankali. Na kira zauren tun kafin in sayi tikiti, sai aka gaya min suna da zama na musamman: ba a kashe fitilu gaba ɗaya, ana rage sauti, yaro yana iya tashi ya zaga ba mai hararar ka. Ko yaronki lafiyarsa lau, irin wannan zaman ya fi dacewa da ɗan shekara biyu, ki tambaya ko suna yi. Kuma ki rubuta lambar wayarki ki ɗaura wa kowannensu a hannu. Lokacin fita kowa ke tashi gaba ɗaya, ga masu sayar da kayan wasa masu walƙiya a bakin ƙofa, nan yara ke zare hannu.