Tambaya kan azumin Furnima na mabiya addinin Hindu

Ɗalibar Ilimi: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin bayani game da azumin da 'yan Hindu suke yi a ranar cikar wata, wadda suke kira Furnima. Shin yana kama da azumin fararen kwanaki da muka sani?

Malam Mai Nazari: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Lokacin ya yi kusa, amma manufa da tsari sun bambanta. Furnima ita ce rana ta 15 a rabin wata mai haske, kuma galibi ana kamewa daga fitowar rana har zuwa fitowar wata. Ba farilla ba ce. Wasu suna barin abinci gaba ɗaya, da yawa kuwa suna shan madara da 'ya'yan itace, su ƙaurace wa hatsi. Iyalai da dama suna haɗa azumin da bautar Satyanarayan, wanda suke ɗauka siffa ce ta Bishnu, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, inda ake karanta ƙissarsa sannan a raba abincin da aka keɓe.

Baban Zainab: Kowace Furnima tana da nata matsayi. A ta watan Kartik na kalandar Hindu, dubban mutane suna wanka a kogin Ganga, a kunna fitilu a gaɓar kogin a birnin Baranasi na Indiya, ta watan Ashadha kuwa an ware ta domin girmama malamai.

Hajiya Uwargida: Wadda ta fi jan hankalina ita ce Bat Furnima, domin matan aure a jihohin Maharashtra da Gujarat na Indiya ne suke azumtarta, suna nema wa mazajensu tsawon rai, suna kuma ɗaura zare a jikin bishiyar banyan.