A taimaka min da Hausar "hepatitis" kafin gobe da hantsi

Maman Nana: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 10 zan ɗauki shirin rediyo na mata masu juna biyu da masu jego, saboda ranar 28 ga Yuli da ake tunawa da wannan cuta a duniya. Takardar da aka ba ni da Turanci take. Na fara sa "ciwon hanta", sai na iso wani layi da ke cewa cutar ce ke jawo lalacewar hanta da dajin hanta idan yaro ya girma. Sai magana ta koma "ciwon hanta na jawo ciwon hanta". Nan na ajiye biro. Abokin aikina ya ce in sa "shawara" kowa ya huta, amma hankalina bai kwanta ba. Abu ɗaya nake so uwa ta riƙe idan shirin ya ƙare: a yi wa jariri allurar rigakafin cutar cikin awa 24 da haihuwa.

Abba Kawo: Shawara mana, Anti. Ko kakata haka take ce mata.

Sista Rabi: Don girman Allah, Maman Nana, kada ki sa shawara. Na daɗe a ɗakin haihuwa, na san abin da kalmar nan ke yi a kunnen mata. Shawara a wurin mutanenmu ita ce ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja. To jaririn da ya ɗauki nau'in B na wannan cuta daga uwarsa, idonsa fari tas, yana shan nono, yana ƙiba. Idan kika ce shawara, uwa za ta buɗe idon ɗanta ta duba, ta ce lafiyarsa ƙalau, ta koma ta kwanta. Na biyu kuma, wanda ya fi damuna: kin san abin da tsofaffi ke faɗa, wai mai shawara ba a yi masa allura, allura na kashe shi. Sau nawa kaka ta riƙe min hannu a kan haka. Ke kuma za ki hau rediyo ki ce a kawo jariri a yi masa allurar shawara? Kin rushe shirinki da bakinki. Ga kuma shawarar jarirai ta kwanakin farko, wadda ake sa yaro a ƙarƙashin fitila a asibiti, ita ma abu ne daban, yawancinta ba ruwanta da wannan ƙwayar cuta.

Baban Ummi: Ƙari a kan na Sista, zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa, wanda ake yi wa yara rigakafinsa a wata 9, shi ma shawara muke ce masa. Kalma ɗaya ta ɗauki kaya uku.

Dokta Auwal: Asalin kalmar daga Girkanci ne, hanta da kumburi aka haɗa. Don haka "kumburin hanta" ya fi kusa da ma'anar. Ƙwayoyin cutar biyar ne. A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, su ne ke kwantar da yaro da zazzaɓi da amai da ɗorawar ido, yawanci kuma ya warke. B da C ta jini suke bi, D kuma ba ta zama sai a jikin da B take. Wadda takardarki ke magana a kai B ce. Babba idan ya ɗauka, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zauna musu. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10 za su rayu da ita har girma. Wannan bambancin shi ne dalilin awa 24.

Sista Rabi: Dokta, kumburi kuma sai su tsaya jiran ciki ya kumbura. Kafin ciki ya kumbura ai an yi shekaru ana ɓarna.

Malam Tanimu: Wa alaikumus salam. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma abin ya sosa min rai. 'Yata Maman Nana, matsalarku ɗaya ce: kuna neman jimla a inda ake buƙatar suna. Bahaushe ba ya kiran cuta da dogon bayani. Ya ce ƙyanda, ya ce sanƙarau, ya ce shan-inna, ya ce ƙanjamau. Shekara da shekaru ina cewa a kira wannan cuta HANTAU. Gaɓa biyu ce, ta zauna a harshe, ta nuna inda cutar take, kuma ta bi sahun sanƙarau. Ki faɗe ta sau uku a shirinki, kafin lokacin kaka, ta kama bakin mutane.

Zulai: Allah ya gafarta Malam, ina da 'yar tambaya. Sanƙarau daga sanƙare ne, ƙanjamau daga ƙanjame, mantau daga manta, makarau daga makara. Duk aikatau ne. Hanta kuwa suna ne. Ina aikatau ɗin da ya haifi hantau?

Malam Tanimu: Jatau fa, 'yata? Daga wane aikatau ya fito? Ba daga "ja" ba? Ƙa'idar da kuke haddacewa a aji ba ta kai faɗin bakin Bahaushe ba.

Zulai: Na yarda da Jatau, Malam. Amma Jatau mutum ake kira da shi. Tsorona ke nan, kada a wayi gari ana nuna yaro a layi ana cewa ga Hantau can. Mun ga abin da ƙanjamau ta yi. Sunan ya zauna daram, amma ya zama abin gori, har ma'aikatan lafiya suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki.

Baban Ummi: Zulai ta taɓo inda ke min ciwo. Ƙanwata an fasa aurenta saura mako uku, bayan gwajin kafin aure ya nuna tana da B. Dangin mijin suka ce ta gumi ake ɗauka, har kofin shan ruwa aka ware mata a gidan wata gwaggonmu. Likita ya ce ga dukkan alamu tun tana jaririya ta samu, don mahaifiyarmu ma da aka gwada an gani. Yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Duk sunan da za ku zaɓa, ku zaɓi wanda ba za a zagi mutum da shi ba.

Dokta Auwal: Allah ya ba ta wanda ya fi alheri. Ba a ɗaukarta ta gumi, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko gaisawa. Mijin da aka yi wa rigakafi cikakke zai zauna da matarsa lafiya, kuma uwa mai B za ta shayar da ɗanta. Maman Nana, ki sa wannan a shirin. Binciken ƙasa na 2018 ya samu kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da B, don haka a cikin masu saurarenki akwai su da yawa, galibi ba su ma sani ba.

Abba Kawo: Ni fa gaskiya a asibiti hefatayitis kowa ke cewa. A bar ta haka kawai, kamar yadda muka bar sikila da taifot.

Malam Tanimu: Ga irinta nan. Wannan ita ce Hausar bariki da ta cinye Kaduna. Yaro ya buɗe baki, rabi Hausa rabi Turanci, ya ce a bar ta haka. Da magabata sun ce a bar ta haka, da ba mu da jirgin sama, da ba mu da Majalisar Ɗinkin Duniya. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, mutane suka zauna suka yi gumi a kan kowace kalma. Yau jikokinsu ko ƙugiyar ƙ ba sa iya sawa.

Abba Kawo: Baba, da girmanka, amma ba daidai ba ne a ce mana 'yan bariki. A Kawo aka haife ni, a nan aka haifi babana. Rediyon da Arewa duka ta tashi tana saurare daga wane gari yake magana? Kuma kalmar asibiti da likita da allura da kake faɗa, daga Zazzau aka haƙo su?

Malam Tanimu: Aro daban, kwasar ganima daban. Asibiti ta shiga ta sa rigar Hausa. Hefatayitis gaɓa biyar ce, tsohuwa a Rigasa ba za ta iya furta ta ba.

Sani Fagge: Ku yi haƙuri, amma daidaitacciyar Hausa dai ta Kano ce, kuma mu ciwon hanta muke cewa. Kafafen labarai ma haka suke faɗa. Ban ga abin jayayya ba.

Bello Gobir: Mu kam anta muka sani, ba hanta ba. In za a yi maganar asali, a fara daga nan.

Ladi Sabon Tasha: Ina karantawa tun ɗazu, bari in sa baki. Ni Hausa ba ita ce yaren gidanmu ba, amma da ita nake yi wa mata bayani a wurin awo, da ita muke waƙa a coci. Shirin Maman Nana ba Zazzagawa da Kanawa kaɗai za su ji ba. Akwai Gbagyi, akwai Bajju, akwai Atyap, akwai matan Kakuri da Narayi. Dukanmu mun san hanta, don muna sayenta wurin mahauci. Idan aka ce hantau, sai na tsaya na tambaya. Matar da ke naƙuda da daddare ba ta da wanda za ta tambaya. Baba Malam, ban raina kalmarka ba, amma gobe ne shirin.

Maman Nana: Jama'a don Allah, magariba ta yi, ban rubuta layi ɗaya ba. A bar maganar Kano da Zazzau zuwa jibi.

Zulai: Anti, ga shawarata. Ki raba "cuta" da "ciwo". Ki ce "cutar hanta" ga ƙwayar da ake ɗauka, ki bar "lalacewar hanta" da "dajin hanta" ga abin da take jawowa. Ciwo yana sa mutum ya jira zafi, cuta kuwa Bahaushe ya san tana iya kwanciya a jiki shiru. Layin da ya tsayar da ke zai zama: cutar hanta nau'in B ita ce ke lalata hanta idan yaro ya girma. Sai kuma haruffan. A rubutun boko C ba "si" ba ce, mai karanta sanarwa zai iya cewa "ca". Ki rubuta Bi da Si yadda ake furtawa.

Dokta Auwal: Cutar hanta ma tana da faɗi, mai kitse a hanta zai ce shi ma ita gare shi. Amma da "nau'in Bi" a jiki, na amince. Sharaɗina ɗaya: ki faɗi sunan Turancin sau ɗaya a farko. Takardar gwaji da katin rigakafi da shi aka rubuta su, kada uwa ta riƙe kati ta kasa gane allurar da aka ce mata. Ki kuma ambaci cewa ta ranar haihuwa somin-taɓi ce, sauran suna cikin allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar, a mako 6 da 10 da 14. Si ba ta da rigakafi, amma ana warkewa da ƙwayoyi na kimanin wata 3.

Sista Rabi: Kuma ki yi magana da kakanni kai tsaye, su ne masu cewa jariri ba ya fita sai an yi suna. Wadda ta haihu a gida, a naɗe yaron a kawo shi ranar, ko uwar ba ta zo ba. Ki taɓo wanzamai ma, askar suna da cire belu da kaciya, kowane yaro da sabuwar reza.

Malam Tanimu: "Nau'in Bi." Wato mun rasa yadda za mu ce ta biyu, sai mun ari harafin Bature. To. Ban yarda an samu suna ba, bayani kuka samu. Amma maganar yaron nan Baban Ummi ta tsaya min a rai, ba zan so kalmata ta zama abin yi wa marainiya gori ba. Ki yi shirinki da cutar hanta, 'yata. Hantau tana nan a littafina, kuma zan sake kawo ta. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki ce "ɗaukar allura", ba kaya ba ce. A yi wa yaro allura.

Abba Kawo: Ni dai har yanzu Baba bai janye bariki ba.

Maman Nana: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda na buɗe sanarwar, a duba min:

"Uwa, kaka, maigida: akwai cutar hanta nau'in Bi, wadda likitoci ke kira hefatayitis Bi. Jariri na iya ɗaukarta daga mahaifiyarsa ranar haihuwa, ba tare da idonsa ya canza ba, ba zazzaɓi, ba kuka. Kada a jira suna. A kai shi asibiti a yi masa allurar rigakafi a ranar da aka haife shi, kafin kwana ɗaya ya cika. Mai juna biyu kuma ta nemi a gwada jininta a wurin awo."

Na cire "awa 24" na sa "kafin kwana ɗaya ya cika", ina ga ya fi shiga kunne. Malam, na gyara allurar.

Sista Rabi: Ya yi. Amma "maigida" ya fara zuwa, shi ne mai ba da izinin fita da kuɗin Keke.

Maman Nana: Na mayar da shi gaba. Saura kalma ɗaya a shafi na biyu, mutumin da cutar ke jikinsa amma shi lafiyarsa ƙalau. Na sa "mai ɗauke da ita", sai dai ina jin kamar ana nuna shi da yatsa. Idan wani na da wadda ta fi, zan duba waya bayan asuba kafin in fita.